Susumu Ohno, Likitan Dabbobin da Kwaɗin Afirka Suka Gwada Maganarsa

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, wannan karon mun ɗauko muku wani masanin kimiyya ɗan asalin ƙasar Japan mai suna Susumu Ohno, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2000. Da wuya a ji sunansa a aji, amma tambayar da ya daɗe yana bi tambaya ce da kowane ɗalibin Bayoloji zai iya yi wa malaminsa: idan 'ya'ya daga wajen iyaye suke samun ƙwayoyin gado, to daga ina sabuwar ƙwayar gado take fitowa? Amsar da ya bayar a 1970 ta yi shekaru tana jiran a samu kayan aikin gwada ta. Da lokacin ya zo, kwaɗin Afirka suna cikin waɗanda suka ba da shaida, har da wani da aka samo asalinsa daga Najeriya.

Kalmomin da za mu riƙa amfani da su

Jikin mutum da na dabba da na tsiro an gina shi ne da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya iya gani, waɗanda ake kira sel. A tsakiyar kusan kowane sel akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, kuma a jikinsu ne sinadarin DNA yake. DNA kamar rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, wato A, T, G da C. Yankin wannan rubutu da ke ɗauke da umarnin aiki guda, misali haɗa sinadarin da ke sa jini ya yi ja, shi za mu kira ƙwayar gado. Rubutun gaba ɗayansa kuma za mu kira shi kundin gado. Mutum yana da kuromosom 46, guda 23 daga uwa, guda 23 daga uba, wato kwafi biyu na kundin.

Haihuwa da karatu

An haifi Susumu Ohno ranar 1 ga Fabrairu 1928 a birnin Seoul na ƙasar Koriya. Iyayensa Japanawa ne. A wancan lokacin Koriya tana ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, wanda ya fara a 1910, kuma mahaifinsa babban jami'i ne a harkar ilimi a gwamnatin mulkin mallakar. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya biyar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, Japan ta sha kaye, mulkinta a Koriya ya zo ƙarshe, iyalin suka koma gida.

Tun yana yaro Ohno yake son dawaki, kuma wannan so ne ya kai shi karatun likitan dabbobi a wata jami'ar noma da fasaha da ke Tokiyo, inda ya kammala a 1949. Daga baya ya samu manyan digirori daga Jami'ar Hokkaido. A 1951 ya auri wata mawaƙiya mai suna Midori Aoyama, kuma a shekarar ya tafi Amurka, Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles. A 1952 ya koma sashen bincike na wani asibiti mai suna City of Hope a garin Duarte, kusa da Los Anjeles, tare da wani dattijon masanin cutar daji ɗan ƙasarsu, Riojun Kinosita. A wannan wuri guda ya yi aiki har zuwa 1996, shekara 44 ke nan.

Karatun likitan dabbobi ya yi masa rana. Mai nazarin mutum kaɗai mutum yake gani, shi kuwa Ohno ya saba da kwatanta doki da jaki, ɓera da zomo, maciji da tsuntsu, kifi da kwaɗo. Kusan duk abin da ya gano ta hanyar wannan kwatance ya gano shi.

Ɗigon da ke cikin sel na mata

A 1949 wasu masu bincike biyu a Kanada, Murray Barr da Ewart Bertram, sun lura da wani ɗan ɗigo mai duhu a cikin sel na kyanwa mace, wanda babu shi a na muzuru. An ga irinsa a mata 'yan Adam. Shekara goma ana ganin ɗigon ba a tabbatar da ko mene ne ba. A 1959 Ohno da abokan aikinsa suka duba sel na hantar ɓera a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suka nuna cewa ɗigon kuromosom X ne guda ɗaya da ya dunƙule. Mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Ashe ɗaya daga cikin X biyu na mace a naɗe yake kamar tabarmar da aka jingine a lungu.

A 1961 wata masaniya 'yar Ingila, Mary Lyon, ta ɗora a kan wannan, ta bayyana cewa X ɗin da ya dunƙule ba ya aiki, kuma kowane sel a farkon halitta yakan kashe ɗaya, ko na uwa ko na uba. Wannan ne dalilin da ya sa kyanwa mai dabbare-dabbaren baƙi da ja kusan kullum mace ce: wani yankin fatarta X na uwa ne ke aiki, wani yankin kuma na uba.

Ohno bai tsaya nan ba. A littafinsa na 1967 a kan kuromosom na jinsi, ya kawo hujjar cewa X da Y asalinsu tagwaye ne masu kama ɗaya, sannu a hankali ɗaya ya ƙanƙance. Macizai ne suka ba shi misali, domin a wasu danginsu kuromosom biyun na jinsi kusan girmansu ɗaya, a wasu kuma ɗaya ya riga ya bambanta sosai. Ya kuma lura cewa ƙwayar gadon da ke kan X a wata dabba mai shayarwa galibi a kan X take a sauran. Misali ita ce ƙwayar gadon sinadarin G6PD, wanda ƙarancinsa ya zama ruwan dare a Najeriya kuma yakan jawo shawara ga jarirai: a kan X take a mutum, haka a doki da jaki da zomon daji. Har yau ana kiran wannan ƙa'ida da sunan dokar Ohno.

Manomi mai fartanya biyu

A 1970 ya fitar da littafin da ya fi shahara da shi, mai suna Evolution by Gene Duplication, wanda ya yi bayani a kan yadda halittu ke sauyawa ta hanyar ninkuwar ƙwayoyin gado. Ba shi ne farkon wanda ya lura ƙwayar gado tana iya ninkuwa ba. Tun a 1936 Calvin Bridges ya ga haka a jikin wani ƙaramin ƙuda, kuma masana irin su Haldane da Muller sun taɓa maganar. Ohno ne ya tattara shaidu ya mai da ita cikakkiyar hujja.

Ga yadda za mu fahimci hujjar. Manomin da ke da fartanya ɗaya tak ba zai kai ta wajen maƙeri a mai da ita lauje ba, domin gobe da me zai yi noma? Haka ƙwayar gadon da ke yin aiki mai muhimmanci take. Duk lokacin da sel ke kwafar DNA akan samu kuskuren harafi jefi-jefi, kuma idan kuskuren ya ɓata wannan aiki, mai ɗauke da shi yakan yi rauni ko ya mutu bai bar zuriya ba. Don haka ƙwayar ba ta da damar sauyawa sosai. Amma idan manomin ya samu fartanya ta biyu, ta farko za ta ci gaba da noma, ta biyu kuma abu biyu ne zai iya samunta. Ko a jefar da ita bayan rumbu ta yi tsatsa, ko kuma maƙeri ya sarrafa ta ta zama wani kayan aiki dabam. Ohno ya ce mafi yawan kwafin tsatsa suke yi, su zama gawar ƙwayar gado da ke kwance a cikin kundi. Kaɗan ne ke dacewa da sabon aiki, amma waɗannan kaɗan ɗin su ne tushen sababbin abubuwa a jikin halittu.

Misali yana cikin jininmu. Sinadarin himogulobin da ke ɗaukar iska a cikin jini wasu ƙwayoyin gado ne 'yan gida ɗaya suke haɗa shi, kuma masana sun nuna cewa ta hanyar ninkuwa suka yawaita. Akwai waɗanda ke aiki lokacin da jariri yake ciki, akwai waɗanda ke karɓar aikin bayan haihuwa. Cutar sikila kuskuren harafi ɗaya ne a cikin ƙwayar da ke aiki bayan haihuwa. Shi ya sa jaririn da ke da sikila yakan yi watannin farko lafiya lau, sai wajen wata shida, lokacin da himogulobin na cikin ciki ya ja baya, alamun cutar su fara bayyana. Ɗaya daga cikin magungunan da likitoci ke bayarwa yana aiki ne ta hanyar ƙara yawan wancan himogulobin na jarirai.

Idan kundin gaba ɗaya ya ninku

Ohno ya ƙara da wata magana da ta fi wannan girma. Ya ce wani lokaci kundin gado ne gaba ɗayansa yake ninkuwa, kowace ƙwaya ta samu abokiya a lokaci guda. Wannan sananne ne a tsirrai. Gyaɗar da muke nomawa tana da kuromosom 40, domin ta samu ne daga haɗuwar wasu gyaɗun daji biyu na Kudancin Amurka masu 20 kowannensu. Alkamar burodi tana da 42, wato kwafi shida.

Alfadari zai taimaka mana mu gane yadda abin ke faruwa. Doki yana da kuromosom 64, jaki yana da 62, alfadarin da suka haifa yana da 63. Lokacin haɗa ƙwan haihuwa dole kowane kuromosom ya jeru da abokinsa mai kama da shi, to na doki da na jaki ba su dace da juna ba, shi ya sa alfadari ba ya haihuwa. Amma da a ce kundinsa zai ninku, kowane kuromosom na doki zai samu abokinsa na doki, na jaki ma haka, sai hanyar haihuwa ta buɗe. A dabbobi masu shayarwa hakan ba ya yiwuwa cikin sauƙi, kuma a ganin Ohno tsarin X da Y ne ke hanawa, domin ninki yakan rikita shi. A kifaye da kwaɗi kuwa abin yana faruwa. Shi da kansa ya auna yawan DNA da kuromosom na kifaye, ya nuna alamar ninki a dangin kifin salmon da na kifin kaf. A Birazil kuma Maria Luiza Beçak da Willy Beçak, waɗanda suka taɓa aiki da shi a kan macizai, sun gano kwaɗo mai kwafi huɗu a 1966.

Daga nan ya yi hasashen cewa kakannin dabbobi masu ƙashin baya sun samu irin wannan ninki tun da daɗewa, a zamanin da rayuwarsu take cikin ruwa. A 1970 ba a iya karanta kundin gado ba, don haka masana da yawa suka ɗauki maganar a matsayin hasashe kawai. Sai bayan rasuwarsa, musamman a binciken da aka wallafa a 2005 da 2008, aka kwatanta kundin mutum da na wasu ƙananan halittun teku, aka ga yankuna da yawa da suke ɗaya a wajensu amma huɗu a wajen masu ƙashin baya. Yanzu mafi yawan masana sun yarda cewa ninkin ya auku sau biyu, kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce bisa ƙiyasinsu.

Kwaɗin Afirka

Matsalar wancan tsohon ninki ita ce ya yi nisa ƙwarai, sawun ya goge. Mai son ganin abin da ke samun ƙwayoyin gado bayan ninki yana buƙatar dabbar da abin ya same ta ba da daɗewa ba, da kuma 'yar uwarta da bai sama ba, don a kwatanta. Afirka kudu da Sahara tana da su. Akwai dangin kwaɗi da masana ke kira Xenopus, masu shafaffen jiki da baƙaƙen farata a yatsu uku na ƙafar baya. Ba su da harshe, kuma kusan duk rayuwarsu a cikin ruwa suke yi.

Wanda ya fi shahara shi ne Xenopus laevis na kudancin Afirka. Daga shekarun 1930 an riƙa amfani da shi wajen gwajin ciki: a yi wa macen kwaɗon allurar fitsarin mace, idan tana da juna biyu sai kwaɗon ya saki ƙwai cikin kwana guda. Ta haka ya bazu a ɗakunan bincike na duniya. Da shi ne John Gurdon na Ingila ya yi gwajinsa na 1962, wanda ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2012. Wannan kwaɗo yana da kuromosom 36, kuma kwafi huɗu ne. Ɗan uwansa Xenopus tropicalis, mazaunin dazuzzukan Afirka ta Yamma, yana da 20, kwafi biyu kamar mu. Shi ne kwaɗo na farko da aka karanta kundin gadonsa, a 2010, kuma wadda aka karanta ɗin daga zuriyar da aka ɗauko a Najeriya take.

Dangin bai tsaya a huɗu ba. Akwai masu kuromosom 72, kwafi takwas. Akwai masu 108, kwafi goma sha biyu, kamar wanda ke yankin duwatsun Ruwenzori na Yuganda, da kuma Xenopus longipes, wanda a duk duniya babu inda yake sai tafkin Oku da ke kan tsaunukan arewa maso yammacin Kamaru.

Abin da kwaɗin suka nuna

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A 1993 masana biyu a Amurka, Marianne Hughes da Austin Hughes, suka ɗauki wasu tagwayen ƙwayoyin gado na Xenopus laevis suka kwatanta su. Dabarar tasu mai sauƙin ganewa ce. Sel yana karanta haruffan DNA uku-uku, kuma wasu sauye-sauyen harafi ba sa canza ma'ana, wasu kuma suna canzawa. Idan da gaske kwafi ɗaya ya samu 'yanci kamar yadda Ohno ya zata, ya kamata iri biyun su taru a cikinsa kusan daidai wa daida. Abin da suka gani shi ne, a kwafin biyu duka, sauyin da ke canza ma'ana ya yi ƙasa sosai. Wato dukkan fartanyoyin biyu noma suke yi, babu wadda aka ajiye.

Me zai sa a riƙe biyu alhali ɗaya ta isa? A 1999 Allan Force da Michael Lynch da abokan aikinsu suka bayyana wata hanya ta uku, wato rabon aiki. A ce mahaifi yana noma da damina, yana ɗinki da rani. Bayansa ɗansa ɗaya ya riƙe noma ya manta ɗinki, ɗayan ya riƙe ɗinki ya manta noma. Babu wanda ya koyi sabuwar sana'a, amma yanzu gidan ba zai iya rabuwa da ko ɗaya ba. Haka ƙwayar gadon da take aiki a hanta da ƙwaƙwalwa za ta iya ninkuwa, kwafi ɗaya ya tsaya a hanta, ɗayan a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma dalilin ma'auni. Mai tuƙa tuwo idan ta ninka gari dole ta ninka ruwa. Ƙwayoyin gadon da ke aiki tare, idan duka suka ninku a lokaci ɗaya, zubar da kwafin guda daga cikinsu yakan ɓata ma'aunin, don haka sai a riƙe su duka.

A 2016 wata babbar tawagar masana, akasarinsu daga Amurka da Japan, ta wallafa cikakken kundin gadon Xenopus laevis. Sun gano cewa kundi biyu ne na wasu kwaɗi biyu mabambanta suka haɗu a jiki ɗaya. Bisa ƙiyasinsu, kakannin biyu sun rabu kimanin shekara miliyan 34 da suka wuce, sannan suka sake haɗuwa aka samu ninki kimanin shekara miliyan 17 zuwa 18 da suka wuce. Sun sa wa kundin ɗaya suna L, ɗayan kuma S, saboda kuromosom na farkon sun fi tsawo. Dalilin da ya sa adadin ya zama 36 maimakon 40 shi ne wasu kuromosom biyu sun manne sun zama ɗaya a kowane kundi. Fiye da kashi 56 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon har yanzu kwafi biyu ne masu aiki. Sauran sun rasa abokansu, kuma asarar ba ta zo daidai ba: kundin S ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku, shi kuwa L bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ƙwayoyin da ke ba da umarnin yadda jiki zai ginu su ne aka fi riƙe tagwayensu, masu gyaran DNA kuma su ne suka fi komawa ɗaya-ɗaya.

To sabon aikin da Ohno ya yi hasashe fa? Shi ma an same shi, kuma a fagen da ya fi ƙauna. A 2008 masu bincike a Japan sun gano ƙwayar gadon da ke sa wannan kwaɗo ya zama mace, suka kira ta DM-W. Da aka bi asalinta sai aka ga ɓangaren kwafi ce ta wata tsohuwar ƙwaya mai suna DMRT1, wadda aikinta taimaka wa halittar namiji ne. Kwafin ya sauya har ya koma yana taka wa asalinsa birki. Fartanyar nan dai ta zama lauje.

Idan muka tattara, kwaɗin sun tabbatar da cewa kundi yana ninkuwa, kwafi da yawa suna lalacewa, kuma wasu suna samun sabon aiki, duk kamar yadda ya faɗa. Sun kuma nuna abin da bai ba shi muhimmanci sosai ba, cewa kwafi biyun sukan daɗe suna aiki tare, ko suna raba aikin a tsakaninsu.

Inda ya dace da inda bai dace ba

Ohno mutum ne mai yawan hasashe, kuma ba duka ne suka tsaya ba. A shekarun 1970 ya goyi bayan ra'ayin cewa wani sinadari mai suna H-Y ne ke sa ɗan tayi ya zama namiji, har ya gina littafinsa na 1979 a kan haka. A shekarun 1980 aka samu ɓeraye maza waɗanda ba su da wannan sinadari, ra'ayin ya rushe. A 1990 wasu masana a Ingila suka gano ainihin ƙwayar gadon, mai suna SRY, a kan kuromosom Y.

A 1972 ya rubuta wata maƙala da ta yaɗa ra'ayin cewa mafi yawan DNA ɗinmu tarkace ne marar umarnin aiki. Ya yi lissafi da yawan kurakuran da ake samu a kowace haihuwa, ya ce mutum ba zai iya ɗaukar ƙwayoyin gado masu muhimmanci fiye da kimanin 30,000 ba. A lokacin, da ma shekaru bayan haka, mutane da yawa suna zaton adadin ya kai 100,000. Da aka karanta kundin gadon mutum sai aka samu kusan 20,000 masu haɗa furotin, kuma ba su wuce kashi biyu cikin ɗari na rubutun ba. Har yau masana suna muhawara a kan nawa ne daga cikin sauran yake da amfani.

A 1986 shi da matarsa Midori suka wallafa wani aiki da suka mai da jerin haruffan DNA sautin kiɗa. Manufarsa ita ce ya nuna cewa maimaici yana ko'ina a cikin kundin gado, kamar yadda mawaƙi yake maimaita amshi yana ɗan sauya shi.

Rasuwarsa da abin da ya bari

An zaɓe shi mamba a Majalisar Masana Kimiyya ta Ƙasar Amurka a 1981. Ya rasu ranar 13 ga Janairu 2000 sakamakon cutar dajin huhu, yana da shekara 71, ya bar matarsa da 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya. Bai ga kundin gadon mutum da aka fitar a 2001 ba, balle na kwaɗi. A shekarar da ya rasu wani masani a Ayalan, Ken Wolfe, ya ba da shawarar a riƙa kiran tagwayen ƙwayoyin da suka samu daga ninkin kundi gaba ɗaya da sunan onolog, don tunawa da shi, kuma sunan ya zauna.

Abu biyu muke so 'yan uwa su riƙe. Na farko, Ohno ya faɗi ra'ayinsa ta yadda za a iya gwada shi, shi ya sa ko inda aka gyara masa, gyaran ya ƙara ilimi. Na biyu, dabbobin da aka yi wannan gwaji da su na nahiyarmu ne, kuma ba a gama saninsu ba. Ko a 2015 an bayyana sababbin nau'o'in Xenopus guda shida daga Afirka ta Tsakiya da ta Yamma. Shi kuwa kwaɗon tafkin Oku mai kuromosom 108 yana cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa, kuma masana suna fargabar cewa zuba kifi a tafkin kaɗai zai iya shafe shi. Idan ya ƙare, kundin da ya ninku har sau da dama ya tafi ke nan tun ba a gama karanta shi ba.

Muna roƙon malamanmu na Bayoloji, idan an zo darasin rabuwar sel, su taimaka mana da lissafin alfadari da na gyaɗa a kan allo. Wanda kuma yake da tambaya a kan wannan tarihi, ya rubuta ya miƙa wa kowane ɗan ƙungiya, za mu nemi amsa mu liƙa a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.